Tambaya da Amsa: An Ce In Rubuta Takardar Ajiye Aiki da Hannuna

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman shawararka a kan wani al'amari da ya hana ni barci. Ni mai kula da sito ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ke yankin masana'antu na Idu a nan Abuja, shekarata shida da 'yan watanni ina aiki a wurin, kuma mu kusan sittin ne. Albashina naira 95,000 ne a wata. A watan Afrilu da na Mayu an yanke mini naira 40,000 kowane wata, wai kuɗin wasu katan-katan na kaya da suka ɓata, alhali ba a kira ni an ji ta bakina ba, kuma ba ni kaɗai ke riƙe da makullin siton ba. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa ko kwabo ba a biya mu ba. Da na je kamfanin da ke kula da fanshona, sai na tarar rabon da a zuba mini kuɗi tun bara, ga shi kuma ana cirewa daga albashina.

Raina ya ɓaci ƙwarai, sai na rubuta a zauren WhatsApp na ma'aikata cewa manajanmu ɓarawo ne kuma azzalumi, Allah ya isa, kuma za su gani. Kashegari aka miƙo mini kweri, wato takardar tuhuma da ke neman in yi bayani, aka ce in ba da amsa cikin awa 48. Na nemi ƙarin lokaci a rubuce, aka ba ni mako biyu. Yanzu shugaban sashen ma'aikata ya ja ni gefe ya ce in rubuta takardar ban haƙuri in amsa laifina duka, sannan in rubuta takardar ajiye aiki, za a ba ni albashin wata biyu a rabu lafiya, in kuwa na ƙi, kora ce. Yayana da mai ɗakina sun ce in yi haƙuri in karɓa. Ina da 'ya'ya huɗu, gidan haya nake. Don Allah me zan rubuta?

Mai karatu daga Gwagwa, Abuja

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta wasiƙarka fiye da sau ɗaya, kuma abin ya sosa mini rai, domin mutumin da ya yi wata uku yana fita aiki da kuɗin motar aro, ya dawo gida ba shi da abin da zai miƙa wa iyali, ba ya bukatar wanda zai yi masa bayanin zafin zalunci. Amma bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka rubuta takardar ajiye aikin nan, kuma kada ka sa hannu a wadda wani ya rubuta maka. Neman ƙarin lokaci da ka yi a rubuce dabara ce mai kyau, sai ka yi amfani da kwanakin nan wajen tsara kalamanka, domin daga yau duk abin da ya fito daga alƙalaminka zai iya zama shaida, ko dai taka ko kuma a kanka.

Rabuwa da wurin aiki iri-iri ce, kuma kowace tana da sunanta da hukuncinta, ko da yake a bakinmu na yau da kullum mukan haɗa su duka mu ce an sallami mutum. Idan kamfani ne ya kawo ƙarshen aikinka ba tare da ɗora maka laifi ba, Dokar Ƙwadago ta ƙasa, wadda asalinta tun 1974 ne, ta ce a sashe na 11 wanda ya kai shekara biyar ko fiye a bakin aiki sai an ba shi sanarwar wata guda a rubuce, ko a biya shi kuɗin watan a madadinta, sai dai in takardar ɗaukarka aiki ta tanadi abin da ya fi haka. Idan kora ce saboda babban laifi, to nauyin tabbatar da laifin yana wuyan kamfani, kuma dole ne a ba ka damar kare kanka. Idan rage ma'aikata ake yi saboda kasuwa ta ja baya, sashe na 20 yana da nasa tsarin, ciki har da fara sallamar wanda ya zo daga baya. Amma idan kai ne ka rubuta cewa ka ajiye aiki don raɗin kanka, ka sauke musu wannan nauyi gaba ɗaya, har ma ana iya cewa kai ne ya kamata ka ba su sanarwar wata guda. Ka ga dalilin da ya sa aka ja ka gefe ke nan maimakon a rubuto maka. Gaskiya ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta san da abin da ake kira murabus na dole, wato a takura wa mutum har ya ajiye aiki, kuma tana ɗaukarsa a matsayin kora a fakaice, sai dai a nan kai ne za ka kawo hujjar cewa an tilasta maka, ga kuma takarda da rubutun hannunka tana cewa ka tafi cikin yardar rai da godiya. Bai kamata ka jefa kanka cikin wannan wahala ba.

Ka kuma yi lissafin abin da aka yi maka tayi. Albashin wata uku naira 285,000 ne, abin da aka yanke a wata biyu naira 80,000 ne, jimilla naira 365,000 ke nan, ban da kuɗin fansho da kuɗin sanarwa. Wata biyun da ake cewa za a ba ka naira 190,000 ne kawai. Wato ana so ka yafe kusan rabin guminka, ka amsa laifin da ba a tabbatar ba, sannan ka yi godiya.

Yanzu sai maganar da ka rubuta a zauren ma'aikata, kuma a nan ba zan ɓoye maka gaskiya ba. Ka yi kuskure, kuma shi ne ya ba su abin kamawa. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, to rubutu ya fi baki kaifi a wannan zamani, tunda ana ɗaukar hotonsa a adana, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a gabatar da saƙonnin waya da na kwamfuta a gaban kotu idan an cika sharuɗɗanta. Kalmar ɓarawo tuhuma ce ta aikata laifi, kuma ka ɗora ta a kan mutum guda da kowa ya san shi. Abin da ka sani tabbas shi ne an cire kuɗi daga albashinka ba a zuba a asusun fanshonka ba. Ko manaja ne ya ci kuɗin, ko masu kamfanin ne suka karkatar da shi wani wuri, ko akanta ne ya yi sakaci, wannan ba ka da takardarsa. Ɓata suna laifi ne a kundin dokokin laifuffuka da ake aiki da shi a Abuja, hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin shekara biyu, sannan wanda aka ɓata yana iya neman diyya a kotu. Ita kuma «za su gani» da ka rubuta, na san a zuciyarka ƙila hukuncin Allah kake nufi ko zuwa kotu, amma idan aka juya ta zuwa Turanci aka ajiye a gaban kwamitin ladabtarwa, barazana za a kira ta.

Allah ya isa kuwa tsakaninka da Ubangijinka ce, kuma wanda aka zalunta yana da ikon kai kukansa gare Shi. Wurinta shi ne kan sallaya. A takardar ofis ba ta ƙara maka hujja ko ɗaya, sai dai ta ba mai karantawa damar barin maganar albashi ya koma maganar ladabinka.

To amma gyaran wannan kuskure ba shi ne ka faɗa wani wanda ya fi shi ba, kuma a nan ne nake so ka natsu sosai, domin wuri ne da tarbiyyarmu takan cuce mu ba mu sani ba. An raine mu a kan cewa idan babba ya yi fushi, ƙarami ya durƙusa ya ce na tuba, duk laifina ne, a yi haƙuri, ko da shi ne mai gaskiya. A zaure ko a gaban mai unguwa wannan magana ba amsa laifi ba ce, kowa ya san hanya ce ta kashe wuta, kuma daga baya dattawa sukan kira babban a ɓoye su ce masa ya biya yaron haƙƙinsa. Fayil ɗin ofis bai san wannan al'ada ba. Idan ka rubuta cewa duk laifinka ne, bayan shekara guda lauyan kamfani zai ɗaga takardar ya ce ga shi da kansa ya yarda shi ya ɓatar da kayan sito. Na ga mutanen kirki da dama da suka yi asarar haƙƙinsu ta wannan hanya, ba don ba su da gaskiya ba, sai don sun zuba ladabin gida a takardar da za a karanta da idon shari'a.

Saboda haka ka raba abubuwa biyun. Ka ba da haƙuri a kan abin da ka yi shi kaɗai, ka ambace shi da sunansa, kada ka bar ƙofa a buɗe da za a shigo da wani laifin ta cikinta. Amsar kwerinka tana iya tafiya kamar haka: «Na karɓi takardarku mai kwanan wata kaza. Na yarda cewa a ranar kaza na rubuta saƙo a zauren ma'aikata da kalaman da ba su dace ba game da manaja. Na janye waɗannan kalamai, kuma ina ba shi haƙuri a kansu. Ban yi nufin yi wa kowa barazana ba. Na rubuta saƙon ne a lokacin da nake bin albashin Yuni da Yuli da Agusta, wanda har yau ba a biya ni ba. Wannan ban haƙuri ya tsaya ne a kan kalaman saƙon kawai, bai shafi batun kayan da aka ce sun ɓata a sito ba, wanda ban amince da alhakinsa ba, kuma ina roƙon a ba ni damar yin bayani a kansa. Ina nan a bakin aikina, kuma a shirye nake in ci gaba da shi.» Ka lura cewa babu rashin kunya a ciki ko kaɗan, kuma babu abin da ka sallama. Jimlar ƙarshen nan tana da muhimmanci, domin tana toshe hanyar cewa kai ne ka gudu ka bar aiki. Don haka ma ka ci gaba da zuwa kullum kana sa hannu a rajista, ko da rai ba ya so, har sai an ba ka wata takarda a hukumance.

Bayan wannan, ka rubuta takarda ta biyu daban, ta neman haƙƙinka, kada ka cakuɗa ta da amsar kweri. A cikinta ka guji duk wata kalma da ke siffanta mutum, ka tsaya ga abin da ya faru, da ranar da ya faru, da adadin kuɗin. Maimakon ka ce an zalunce ka, ka ce ba a biya ka albashin wata uku ba, naira 95,000 kowane wata. Maimakon ka ce an sace maka kuɗi, ka ce an yanke naira 40,000 a Afrilu da wata 40,000 a Mayu ba tare da an ji ta bakinka ba. Zalunci hukunci ne, kuma ya fi ƙarfi idan wanda ke karanta takardar ne ya kai ga yanke shi da kansa bayan ya ga lissafin. Manaja yana iya musanta cewa shi azzalumi ne har gobe, amma ba zai iya musanta takardar bayanan asusunka na banki da ke nuna babu abin da ya shigo daga Yuni zuwa Agusta ba.

Doka kuma tana bayanka a waɗannan wurare, kuma aikin sito yana cikin ayyukan hannu da na akawu da Dokar Ƙwadago ta shafa. Sashe na 15 ya ce kada tazarar biyan albashi ta wuce wata guda. Sashe na 5 ya hana mai ba da aiki yanke albashi a matsayin tara, kuma ko da asara ce ta faru saboda ganganci ko sakacin ma'aikaci, sai an fara samun amincewar jami'in ƙwadago a rubuce kafin a yanke, sannan duk abin da za a cire a wata guda kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashi. Kashi ɗaya bisa uku na albashinka bai kai naira 32,000 ba, su kuwa 40,000 suka cire. Cikin ladabi sai ka roƙi a nuna maka takardar amincewar jami'in ƙwadagon da aka dogara da ita. Wannan tambaya guda ta fi zagi goma tasiri.

Batun fansho ma a fili yake. Dokar Gyaran Fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci yana ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai ba da aiki kuma aƙalla kashi 10, kuma dole a tura kuɗin cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Wanda ya ƙi turawa akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin ba a kowane wata. Ka karɓo cikakken bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka, ka haɗa shi da takardun albashin da ke nuna ana cirewa, ka rubuta watannin da ba a zuba ba ɗaya bayan ɗaya. Idan kamfaninku bai gyara ba, Hukumar Fansho ta Ƙasa, wadda hedikwatarta ke Wuse II, tana karɓar irin wannan ƙorafi kuma tana da masu bin bashin da take turawa kamfanoni.

Ka rufe takardar da bukata bayyananniya da wa'adi mai ma'ana, misali a biya ka naira 365,000 kuma a zuba kuɗin fanshon cikin kwana goma sha huɗu, in ba haka ba za ka kai maganar gaban hukumomin da doka ta tanada. Faɗin cewa za ka nemi haƙƙinka a hukumance ba barazana ba ce. Abin da zai zama matsala shi ne ka ce za ka tona musu asiri a Facebook ko ka tara musu jama'a.

Akwai wani abu da nake ganin ana yawan sakaci da shi a garin nan. Takardun nan da Turanci za a shigar da su, kuma mutane da yawa sukan je shagon buga takardu su ce wa yaron da ke kan kwamfuta ya rubuta musu amsar kweri. Shi kuwa yana da tsohon samfuri a ajiye, cike da kalaman na amsa laifina, ba zan sake ba, a tausaya mini, sai ya canza suna kawai ya buga. Kada ka yarda da wannan. Ka fara rubuta abin da kake nufi da Hausa, a harshen da kake tunani da shi, sannan wanda ka amince da iliminsa ya juya maka, sannan wani mutum na daban ya karanta Turancin ya mayar maka da shi Hausa jimla bayan jimla kafin ka sa hannu. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka. Idan sun ƙi karɓa, ka aika ta imel ko ta kamfanin kai saƙo ka riƙe rasit. Maganar da shugaban sashen ma'aikata ya yi maka a gefe ma kada ka bar ta a iska. Ka aika masa gajeren saƙo mai ladabi cewa game da shawarar da ya ba ka a ranar kaza ta ka ajiye aiki a ba ka albashin wata biyu, ka gode, amma ba ka da niyyar ajiye aiki. Da wannan ka mayar da zancen baki ya zama rubutu, ba tare da ka zargi kowa ba.

Ka tattara takardar ɗaukarka aiki, da katin shaida, da takardun albashi, da littafin ƙa'idojin ma'aikata idan akwai, ka ajiye su a gida. Amma kada ka ɗebo takardun sirrin kamfani daga sito ko ofis da sunan neman hujja, domin wannan zai zama sabon laifi na gaske.

Idan wa'adin ya cika shiru, ba sai ka fara da kotu ba. Ma'aikatar Ƙwadago da Samar da Ayyuka ta Tarayya tana da jami'an da ke kiran ɓangarori biyu su sasanta su. Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975 kuma hedikwatarta ke Maitama, tana sauraron ƙorafi a kan kamfanoni masu rajista ba tare da karɓar kuɗi ba, sai dai tana so a kawo mata magana cikin wata goma sha biyu, kuma ba ta shiga abin da ke gaban kotu. Idan duk wannan bai yi ba, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Garki, wadda gyaran tsarin mulki na uku na 2010 ya ba ta, a sashe na 254C, ikon sauraron shari'o'in aiki da albashi da fansho ita kaɗai, kuma tana da cibiyar sulhu a cikinta. Kafin ka kai nan ka zauna da lauya ya ga takardunka da idonsa, domin abin da ke cikin takardar ɗaukarka aiki yana iya canza wasu bayanai, kuma in babu hali ka tuntuɓi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a. Ka kuma sani tun yanzu cewa a kamfani mai zaman kansa da wuya kotu ta tilasta a mayar da mutum bakin aiki. Abin da aka fi samu shi ne kuɗin da ake bi, da kuɗin sanarwa, wani lokaci da diyya, kuma kowace naira sai an nuna takardarta.

Game da yayanka da mai ɗakinka, kada ka ga laifinsu, tsoron yunwar yara ne ya sa su faɗi haka, kuma tsoro ne mai dalili. Mai yiwuwa a ƙarshe ka zaɓi sulhu, ka karɓi ƙasa da abin da kake bi don ka huta ka nemi wani aikin, kuma babu abin kunya a ciki. Abin da nake roƙonka shi ne ya zama kai ka zaɓa bayan ka san lissafinka. Idan an ba ka wani ɓangare na kuɗin, ka duba abin da aka rubuta a takardar karɓa. In ta ce wannan shi ne cikakken biya na ƙarshe kuma ba ka da sauran wata bukata, to sa hannunka yana iya rufe maka ƙofar neman ragowar. Kana iya rubutawa a saman sa hannunka cewa ka karɓi wannan adadi a matsayin wani ɓangare na abin da kake bi. Ka nuna wa yayanka lissafin nan a takarda, ina kyautata zaton shi ma zai ce a bi a hankali amma kada a yafe.

TAMBAYA

Malam, ina yi maka sallama. Ina aikin gyaran ɗakuna a wani otal a Jabi, shekara biyu ke nan. Ina da juna biyu wata bakwai. Shugabarmu ta ce mini in je gida in huta, idan na haihu za su neme ni. Ba ta ba ni takarda ba, kuma na ji kunyar tambayarta maganar albashi. Shin hutu aka ba ni ko sallama?

Mai karatu daga Nyanya

AMSA

Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Tambayar da kika yi mini ita ce ainihin wadda ya kamata shugabarki ta amsa, kuma a rubuce. «Je ki huta, za mu neme ki» magana ce mai daɗin ji wadda ba ta ɗaure kowa ba, kuma idan kika tafi a kanta, bayan wata huɗu ana iya cewa ke ce kika daina zuwa.

Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba ki hutun haihuwa na mako goma sha biyu, shida kafin haihuwa idan kin kawo takardar likita, shida bayanta, kuma tunda kin wuce wata shida a wurin, dole a biya ki aƙalla rabin albashinki a tsawon hutun. Dokar ta hana a ba mace takardar sallama a lokacin da take wannan hutu, kuma idan kin dawo kina shayarwa kina da rabin awa sau biyu a rana don jaririnki. A wata bakwai lokacin hutun bai ma yi ba, sai dai in likita ne ya ce ki kwanta.

Na fahimci kunyar da kike ji, domin ba a saba mace ta tsaya gaban shugaba tana zancen cikinta da kuɗi ba. Takarda za ta ɗauke miki wannan nauyi. Ki karɓo shaidar asibitin da kike awo mai nuna lokacin da ake sa ran haihuwarki, ki haɗa da 'yar gajeriyar wasiƙa da ke cewa kina neman hutun haihuwa daga ranar kaza zuwa ranar kaza kamar yadda doka ta tanada, za ki ci gaba da aiki har ranar farawa, za ki dawo a ranar kaza, kuma kina roƙon a sanar da ke a rubuce nawa za a riƙa biyanki. Kada ki rubuta cewa kina neman alfarma ko taimako, kuma kada ki yi amfani da kalmar barin aiki ko na ɗan lokaci ne. Ki miƙa wa ofishin ma'aikata, a sa miki hannu da kwanan wata a kwafinki, kuma gobe da safe ki koma bakin aikinki kamar kullum.